Gadar Mile 12 tana gagara ta, ga aikin Hajji a gabana

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne, ina sana'ar albasa a Mile 12, shekarata 48, na kuma daɗe a Legas. A da ni nake kama wa ɗan dako buhu in aza masa ba tare da na ji komai ba. To wajen wata shida ke nan, in na hau gadar sama zan tsallaka titi sai na tsaya a tsakiya na dafa ƙarfe ina haki. Haka in zan hau ɗakina a Ketu, hawa na biyu. Maiɗakina ta ce teɓa ce. Wani abokina ya ce asma ce, har ya sayo mini abin shaƙa a kemis, amma in na shaƙa sai gabana ya yi ta bugawa, sauƙin kuma babu. Na sha taba shekara 15, na daina shekara 6 da suka wuce. Hawan jini ne ya yi ajalin mahaifina, ni kuwa ban taɓa auna nawa ba. Na biya kuɗin kujera, in Allah ya yarda bana zan sauke farali. In fara gudu da asuba ne don jikina ya saba, ko in huta?

Mai albasa, Mile 12

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa a sauke farali lafiya, ya kuma karɓa.

Na san ɗan kasuwa ba ya son kewaye-kewaye, don haka ga amsar tun daga farko. Kada ka fara gudu. Kada kuma ka naɗe ƙafa ka ce hutu za ka yi. Ka ware rana guda cikin makon nan, ka bar wa yaranka rumfa, ka je asibiti a auna ka. Kafin nan ka ci gaba da zirga-zirgarka ta kullum a tsanake.

Haki shi kaɗai ba ciwo ba ne. In baligi yana zaune, numfashinsa tsakanin sau 12 zuwa 20 ne a minti guda, zuciyarsa kuma tana tura jini kamar lita 5. Da ya fara taka matakala, naman cinya da na sha-raɓa sai su buƙaci iskar oksijin mai yawa, su kuma riƙa zuba gurɓatacciyar iska cikin jini, wadda huhu ne kaɗai ke fitar da ita. Ƙwaƙwalwa na jin ta taru sai ta sa a hanzarta numfashi. Saurayi mai jini a jika yana tsakiyar ƙwallo numfashinsa kan kai 40 a minti, zuciyarsa ta ninka aikinta sau huɗu, kuma lafiyarsa ƙalau. Ana gane hakin lafiya da abu biyu: ya yi daidai da nauyin aikin, sannan in an tsaya ya lafa cikin 'yan mintoci.

Canjin da ka ambata shi ne ya ɗauki hankalina. Gadar ba ta ƙara tsawo ba, benen bai ƙara hawa ba, kai kuma cikin wata shida ba ka ƙara shekara goma ba. Ke nan a jikinka wani abu ya sauya. Mu dai mun iya ɗora wa girma laifi, da mutum ya ji wani abu sai ka ji "ai shekaru ne suka ja". Ɗan shekara 48 bai kai inda tsallake gada zai gagare shi ba. Ka tsaya gindin gadar nan da safe ka ga iyaye mata da suka girme ka suna hawa da kwando a ka.

Likitoci suna da wani ma'auni na tambaya da aka faro a Ingila tun shekarun 1950, kuma har yau da shi ake aiki. Shin sai ka yi aiki mai tsanani kake haki? Ko da ka ɗan yi sauri, ko ka hau tudu? Ko sa'anninka suna barin ka a baya alhali a miƙaƙƙiyar hanya kuke? Ko ba ka iya mita 100 sai ka tsaya? Ko sa riga ma sai ka huta? Ka duba inda kake a cikin waɗannan, kuma da irin wannan harshe za ka yi wa likita bayani. "Ina jin kasala" ba ta gaya masa komai. "Bara ina hawa bene biyu a miƙe, yanzu sai na tsaya a hawan farko" ta gaya masa rabin abin da yake nema.

Zuciya ce zan fi daɗewa a kanta, saboda mahaifinka, saboda tabar da ka sha, saboda kuma ba ka taɓa auna jininka ba. Hawan jini yakan yi shekaru a jikin mutum ba ciwon kai, ba jiri, ba komai, kuma a ƙasashenmu shi ne kan gaba wajen raunana zuciya. Zuciyar da ta daɗe tana tura jini da ƙyar, namanta yakan yi kauri ya sandare, daga baya ya saki. In ta kasa kwashe jinin da ke dawowa daga huhu da sauri, sai ruwa ya fara kwanciya a huhun, kamar yadda ka saba gani a kasuwa da damina in kwata ta kasa janye ruwan sama. Da fari sai an yi aiki ake ji. Daga baya abin ya biyo mutum har shimfiɗa.

To ga tambayoyin da nake so ka amsa wa kanka a daren yau, kuma ka sa maiɗakinka a ciki, don abin da mai barci bai sani ba na gefensa ya sani. Filo nawa kake kwana a kai yanzu, nawa ne bara? Kana iya kwanciya rigingine a tabarma ba filo, ko sai ka ji an danne maka ƙirji? Ka taɓa farkawa tsakar dare kana neman iska har ka zauna a bakin gado ko ka buɗe taga? Kana munshari mai ƙarfi har numfashinka ya riƙa ɗaukewa? Da yamma in ka cire safa, tana barin zobe a ƙafarka? Takalmin da kake sawa da safe yana matse ka da la'asar? Ka sa babban yatsa ka danna ƙwaurinka kusa da idon sawu, ka ƙirga biyar, ka ɗaga. In wurin ya loɓa ya daɗe bai ciko ba, ruwa ne. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu a jikinka, kada ka jira ƙarshen mako, gobe ka tafi.

Akwai kuma toshewar jijiyoyin da ke kai wa ita kanta zuciyar jini. Mutane sun ɗauka dole sai da ciwon ƙirji, alhali wasu haki kawai suke ji in sun yi aiki, musamman masu ciwon suga. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na hana ka gudun asuba. Mai irin wannan matsala da ya tashi rana tsaka ya ce zai yi sassarfa cikin duhu shi kaɗai, ya sa kansa a hatsari.

Maganar abin shaƙar abokinka. Allah ya saka masa da niyyarsa, amma ka ajiye shi. Irin shuɗin nan da ake sayarwa a kemis, Ventolin da 'yan'uwansa, aikinsa buɗe hanyoyin iska in sun tsuke. Mai asma in ya shaƙa yakan ji sauƙi cikin mintoci. Kai ka shaƙa ba ka ji ba, sai bugun gaba, kuma bugun gaba da rawar hannu sanannun illolin maganin ne. In zuciya ce ke da matsala, ƙara mata gudu ba taimako ba ne. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, ruwa a huhu ma yakan sa ƙirji ya yi fito irin na asma, sai a yi ta sayen abin shaƙa ana canza kemis, ciwon na can yana cin gaba. Asmar da motsa jiki ke tayarwa tana da nata salon: tari da matsewar ƙirji da fito, sau da yawa ma sai bayan an tsaya da 'yan mintoci take tsananta, kuma ƙura da sanyin hunturu suna ƙara mata ƙarfi. Ban ce ba za ta yiwu gare ka ba, mutum kan kamu da asma da girmansa. Sai dai gwaji ne ke tabbatar da ita. Kada ka jefar da abin, ka tafi da shi ka nuna wa likita.

Huhun ma yana da nasa lissafin. Madalla da barin taba, babu alherin da ka yi wa ƙirjinka da ya kai wannan. Amma shekara 15 na hayaƙi sukan bar tabo, kuma ciwon toshewar hanyoyin iska na masu shan taba yakan bayyana ne bayan an haura 40, wani lokaci an ma daɗe da dainawa. Ɓarnar da ta riga ta faru ba ta komawa, sai dai dainawar tana rage saurin lalacewar. Ka haɗa da iskar da kake shaƙa kullum: hayaƙin tirela da danfo a titin Ikorodu, janareto a bayan kowace rumfa, ƙurar ɓawon albasa in ana zazzage buhu, ga jujin Olusosun nan kusa da ku a Ojota. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 a Legas a shekarar 2018 kaɗai. Ba ka ambaci tari ba. In akwai shi kuma ya wuce mako biyu, balle in da zufar dare ko rama, ka faɗa a gwada kakinka. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Wani abu da 'yan kasuwa ba sa kawowa a rai shi ne ƙarancin jini. Jini ne ke dakon oksijin, in ya yi ƙasa ko huhu da zuciya na lafiya sai an yi haki. Namiji baligi in awon sinadarin jan jininsa ya gaza 13 ana lissafa shi cikin masu ƙarancin jini. To ina jinin namiji zai tafi? Sau da yawa ta ciki yake tsiyaya a ɓoye. Na san al'adar kasuwa: an wuni ana fama, da magariba a aiki yaro wurin mai kwalin magani ya haɗo na ciwon jiki, ja da fari da ruwan ɗorawa a ƙulle a leda. Galibin haɗin nan akwai diklofenak ko ibuprofen a ciki, kuma yawan shan su yana ƙwarzane tumbi har ya yi jini, yana tara ruwa a jiki, yana kuma ɗaga hawan jini. In kana sha, ka daina, ka kuma faɗa wa likita ba ɓoye-ɓoye. In bayan gidanka ya taɓa yin baƙi ƙirin mai yauƙi, ko basur yana zubar maka da jini, shi ma ka faɗa. Jiƙo da sassaƙe da duk abin da kake sha na gargajiya, ka lissafa masa.

Bayan duk wannan, ta yiwu maiɗakinka ce ta canka. Wanda a da yake kama buhu, yanzu Allah ya buɗa masa ya koma zaman benci yana lissafi da waya yara na aiki, ga shayi mai kauri da burodi da safe, ga tuwo da dare a kwanta a kai, dole jiki ya yi nauyi. Teɓa tana tokare shimfiɗar naman da ke ƙarƙashin huhu, ta hana shi sauka sosai. Naman ƙafa da ya daina aiki kuma yakan gaji da wuri. Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa: ka ji haki ka rage tafiya, ka rage tafiya ƙarfi ya ragu, ƙarfi ya ragu hakin ya ƙaru. Ina fata wannan ne kawai, don shi ne mafi sauƙin gyara. Amma ba a yanke cewa teɓa ce sai an duba sauran an ga babu.

A asibiti, ka fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai, Gbagada ba ta yi maka nisa ba. In ana buƙatar ƙwararren likitan zuciya ko na huhu za su tura ka asibitin koyarwa, LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba. Abubuwan da ake fara yi ba masu wahala ba ne: awon hawan jini, ɗan abin da ake maƙala wa yatsa ya nuna yawan oksijin, sauraren ƙirji, awon yawan jini da suga da aikin ƙoda, hoton ƙirji, da gwajin ECG na bugun zuciya. Gwargwadon abin da aka gani, ana iya ƙarawa da eko, wato hoton zuciya tana aiki, ko gwajin hura iska cikin na'ura don a ga ƙarfin huhu. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ko fiye, in ya maimaitu a ranaku dabam-dabam, hawan jini ne. In an ɗora ka a kan magani, ba a daina shi don an ji sauƙi. Ka kuma tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, don mai shan magani kullum ita ke rage masa nauyi. In Turanci ko Yarabanci zai hana ka faɗin abin da ke ranka daki-daki, ka tafi da wanda zai yi maka tafinta, ba abin kunya ba ne.

Akwai alamun da ba a jira musu wayewar gari: nauyi ko ciwo a tsakiyar ƙirji, musamman in yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi ko da zufa mai sanyi, haki kana zaune ba ka yi komai ba, jiri har ka faɗi, tarin jini, kasa ƙarasa jimla guda saboda numfashi. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767, ka sa su a wayarka da ta iyalinka. Ƙari guda saboda sana'arka: in kana bin mota zuwa Aliero ko Sakkwato sayen kaya, ka kwana ka wuni a takure, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, sannan numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gudan jinin ne ya tafi huhu, asibiti kai tsaye. Duk inda direba ya tsaya ka sauko ka taka, ka kuma sha ruwa. Haka za ka yi a jirgin Jidda.

In likita ya ba ka izini, tafiya ce maganinka, ba gudu ba. Ka fara da minti 10 a miƙaƙƙiyar hanya bayan sallar asuba, kafin titi ya cika da hayaƙi, ka bi layukan cikin unguwa ka bar bakin babban titi. Minti biyar na farko a hankali, don jiki ya ɗumama. Ma'auninka bakinka ne: ka yi saurin da za ka iya hira da abokin tafiya, amma ba za ka iya jan dogon karatu da numfashi ɗaya ba. In magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ka yi yawa, ka sassauta. Duk mako ka ƙara minti biyar har ka kai rabin awa, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga baligi. Ɗan hakin da za ka ji a wannan tafiya ba ya cutar da huhu, shi ne ma alamar jiki na koyo. Yawanci cikin mako shida zuwa takwas mutum yakan ga bambanci.

In haki ya kama ka a tsakiyar gada, ga yadda za ka yi. Ka tsaya, ka dafa ƙarfen da hannu biyu, ka ɗan sunkuya gaba, ka saki kafaɗu. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga biyu, ka tsuke leɓe ka fitar da ita a hankali kana ƙirga huɗu. Mai haki hankalinsa yana kan jawo iska, alhali fitarwar ce ke buɗa wa sabuwa wuri. Kada ka ji kunyar masu wucewa, a Legas ba wanda ke da lokacin kallon ka. A matakala kuwa ka ja numfashi kana tsaye, ka fitar kana taka biyu ko uku, kada ka riƙe numfashi don ka yi sauri. Kuma don Allah kada wahalar gadar ta sa ka fara tsallaka titin ta ƙasa. Ko jami'an tsafta ba su kama ka ba, mai haki ba ya tsere da doguwar bas ɗin BRT.

Abinci ba zan tsawaita ba. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano da kanwa, abin da ake so kada gishirin yini ya wuce giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin burodi da yajin tsire. A rage sukarin shayi da lemon kwalba, a bar abin shan ƙara kuzari na gwangwani, tuwon dare kuma a ci da wuri. Janareto ya kwana nesa da taga.

Aikin Hajji aikin ƙafa ne. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai wajen kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ka hawan sama zagayen yakan ninka, ban da tafiyar Mina zuwa wurin jifa da dawowa, kwana bayan kwana, cikin rana. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mahajjata sama da 1,300, galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Saboda haka in an zo tantance lafiyar maniyyata, kada ka ɓoye hakin nan don tsoron a hana ka tafiya. Mutane da yawa masu hawan jini da asma suna sauke farali lafiya lau, don an gano ciwon da wuri an daidaita shi. Ka sa likita ya rubuta maka sunayen magungunanka da adadinsu, ka ɗauki wanda zai ishe ka har dawowa, ka sa shi a jakar hannu, ba a babbar jaka ba. Akwai keken guragu da ƙananan motocin lantarki na haya don ɗawafi da sa'ayi, mai uzuri kuma yana iya wakilta wani ya yi masa jifa, ka tambayi malaman bita su yi maka bayanin hukuncin. In an yi gwaje-gwajen, ka rubuto mini abin da aka gani da watannin da suka rage kafin tashi, mu tsara tafiyar asubar a kan haka. Allah ya ba da lafiya.